Ba Rabin Kai Na Haifa Ba

Zuwa ga ɗiyata Ramatu,

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Yamai lafiya, ba faci, ba tsayuwar banza a hanya, ba abin da ya taɓa ki ko ya taɓa kayanki. Allah Ya tsare ki gaba da baya. Na cusa ta a bakin buhun tukuɗi ne don na san halinki, shi za ki fara kwancewa kafin akwatin tufafi. Ki yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, kwana uku na yi ina fama da bik. Labarin gida ba zan ba ki ba, yanzu kika baro shi, gero yana nan inda kika bar shi ana ɗaurin dami.

Abin da ya hana ni sakat shi ne takardar nan mai launi da kika ninke kika sa cikin kayenki na rubutu, kina zaton ban gani ba. Ina nufin wadda saurayin nan mai karabat ɗaure a wuya ya ba ki, wanda ya zo makarantarku ta lise daga Yamai bayan kun gama jarrabawar bak, ya tara ku ya yi muku tambayoyi. Na ga hoton da ke kai. An tsaga kan mutum biyu kamar ƙwarya, gefe ɗaya toka-toka cike da lambobi, ɗaya gefen furanni ja da shuɗi. Kin ce ya gaya muku mutane iri biyu ne, masu ƙwaƙwalwar hagu, su ne na lissafi da tsari, da masu ta dama, su ne na zane da waƙa da daɗin baki. Ke kuma wai ta dama ce. Tun ranar bakinki ya canja. Kin samu wuri a jami'a don karatun lissafi da kimiyya, ki zama mai aikin ruwa kamar yadda kike faɗa tun kina jan guga tare da ni, amma yanzu kina cewa ran Litinin, ranar rubuta suna, za ki bar wurin ki tafi makarantarsa ta talla da zane. Da na tambaye ki dalili, ce mini kika yi, “Inna, ba laihina ba na, haka ƙwaƙwalwata take.”

Ban ce miki komai ba a lokacin, don na san in na buɗe baki faɗa za mu yi, ki shiga mota da fushi. Amma ban zauna ba. Ran kasuwa na baza tabarmina a Filingue, na bi iyayen ƙawayenki ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Uwar Balki ta ce ɗiyarta ta dama ce. Uwar Hawa ta ce ita ma haka. Duk wadda na tambaya, ɗiyarta ta dama ce, har na fara tunanin ko ƙasar Kurfai gaba ɗaya ba a haifi mai hagu ba a shekararku. Makarantar mutumin kuma abin 'yan dama kaɗai take koyarwa. Ramatu, banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutum ya baro Yamai da man motarsa ya zo ya gaya wa ɗiyan talakawa sirrin kansu, don Allah da Annabi kawai? Ni dai ban yarda da shi ba, kuma ban ɓoye ba.

Tambayoyin ma da kika karanta mini, har yau dariya suke ba ni. Wai kina son kiɗa? Wa ya ƙi kiɗa, in ba kurma ba? Wai kina gyara ɗakinki? Kika ce a'a, aka rubuta miki dama. Ɗiyata, wannan ƙyuya ce, na san ta tun kina yarinya, kuma a wurin babanki kika gado ta.

Don kada in ɗauki alhakin bawan Allah, na je wurin majo, babban ma'aikacin likitar garinmu, tsohon nan mai haƙuri da ke auna mini jini. Ya ce gaskiya ne ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kuma akwai ayyukan da ɓari ɗaya ya fi riƙewa. Ya tuna mini da maƙwabcinmu Malam Garba, wanda hawan jini ya buge, hannunsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke masa. Ya ce hagun kansa ciwon ya taɓa. Amma a ce mutum mai lafiya da ɓari ɗaya yake tunani, ɗayan yana kwance, shi bai san wannan ba. Ya ce ko ƙirga awaki mutum yake yi, ko waƙar daka, duka biyun suna aiki tare. Shi ma majo ban ce duk maganarsa sai an rubuta da ruwan zinariya ba, amma shi dai ba shi da makarantar da yake neman cikawa.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya sa takardar nan ta tsaya mini a wuya, don ba yau na fara jin an raba mutane gida biyu ba.

Kin san ni bahaguwa ce. Ina ƙarama, kakata ta ɗaure mini hannun hagu da tsumma ta yi ta bugun bayansa da muciya har na koyi cin tuwo da dama. Wannan ban ga laifinta ba, ladabin ci ne. Amma da na kai shekarun koyon saƙar tabarma, aka zaunar da ni kusa da yayyena, kafaɗa da kafaɗa, sai komai ya riƙa fita mini a juye. Su kai silin kaba dama, nawa ya tafi hagu. Matan gida suka yanke hukunci cewa bahaguwa ba ta saƙa, hannunta na daka ne da surfe. Na yarda. Kuskurena na farko ke nan, ban ma yi gardama ba, har wani daɗi na ji an sauke mini wahala. Na yi shekara goma ina ganin sa'o'ina suna kai tabarmi kasuwa, ni ina cewa haka Allah Ya yi ni.

Sai bayan na zo gidan babanki wata tsohuwa Bazabarma da ke zaune bayan gidanmu ta ga ina kallon hannunta. Na ce mata ni bahaguwa ce, ba a koya mini. Sai ta nuna mini ƙasa a gabanta, ta ce in zauna ina fuskantarta, kada in zauna gefenta. Da na zauna haka, damanta ya koma daidai haguna. Abin da hannunta ya yi, nawa ya bi. Kafin kaka ta zagayo na saƙa tabarmar da aka saya ba a yi ciniki ba. Tabarmin nan su suka saya miki kaye da bik tun daga ajin farko har bak. Saboda haka in kin shiga aji lissafi ya ƙi shiga, kafin ki ce kanki ne, canja wurin zama. Nemi wani ya sake yi miki bayanin ta wata hanya, da Hausa ma in ta kama, don sau da yawa faransancin ne ke tsaye a ƙofa.

Kuma ki tambayi mai karabat ɗinki, in kun haɗu, da wane ɓari nake saƙa. Zanen nan da muke ce wa ƙafar zabo, wanda kike so, ƙirga ne tun daga farko har ƙarshe. Ja uku a sama, fari biyu a ƙasa, a layi na bakwai a juya. In na ɓata sili ɗaya, sai na yi kamu biyu kafin ɓarnar ta fito, dole in warware. Amma ƙirga ba ya gaya mini galurar ta yi duhu, ko shuɗi ba zai zauna kusa da kore ba, ido ne ke faɗa mini. Ban taɓa jin na ajiye rabin kaina na ɗauko ɗaya rabin ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuskure na biyu shi ne babba. Ban taɓa ba ki shi da bakina ba, kuma ba don takardar nan mai launi ba da na tafi kabari da shi.

Maganar yayanki ce, ɗana na fari. Kin tashi kin tarar ba na kiran sunansa, kamar yadda kowace uwa ta kirki take yi wa ɗan fari a ƙasarmu. Amma ba ki san iyakar abin ba, don ke auta ce, a cinyata kika girma. Ni kunyar ɗan fari na riƙe ta fiye da kowa, har ana yabona da ita. Da aka yaye shi, kakarku ta wajen uba ta ɗauke shi ɗakinta. Gida ɗaya muke, amma ba na zama kusa da shi, ba na kallon fuskarsa in da mutane, in zan ba shi fura sai in ajiye in ce a gaya wa wancan. In ya shigo tsakar gida, in sami abin yi a madafa. Ina son shi kamar raina, Allah Ya sani, amma daga nesa nake son shi, kuma ina alfahari da nisan.

Da aka sa shi lakwal, dogo ne, sai aka ajiye shi a bencin baya. Shekara uku bai iya kwafe abin da ke kan tablo ba. A gari kuma aka fara ƙorafi da shi. Ba ya gaida manya sai sun zo dab da shi. An aike shi ya koro awakinmu, ya koro na maƙwabta. Amma ba shi abu a hannu ki gani. Ya kwance rediyon babanki da ta mutu, ya kai ta kusa da hancinsa, ya yi ta tono har ta yi magana. Igiyar da ya tufka ba ta tsinkewa.

Mushe, malamin ajinsu, ya kira babanki ya ce masa, “Yaron ga kainai dutse na, kuna ɓata lokacinku.” Gwaggonku Dije, Allah Ya jiƙanta, wadda ke riƙe da bori na gidan kakanninku, ita ma ta dube shi ta ce, “Wanga hannu anka ba shi, ba kai ba.” Ba da mugunta ta faɗa ba, tana son shi ƙwarai. Mai boko da mai bori ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba sai a kan ɗana, ni kuma na ce tunda sun haɗu, gaskiya ce.

Abin da na yi don in taimake shi ma abin kunya ne. Wani mai magani ya zo kasuwa da lasifika da babban hoton cikin mutum, hanji da huhu da ƙwaƙwalwa duk an shafa musu launi. Ya ce yana da garin buɗe kai. Hoton ne ya ci ni, na ce wanda ya san cikin mutum haka ba zai yi ƙarya ba. Na saya, na ba kakarku ta dama masa a kunu. Kwana biyu yaro yana zawo, kai bai buɗe ba. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da hoton cikin mutum mai launi, aljihunsa nake fara kallo. Ke ma ki riƙa yin haka, ko da faransanci yake magana.

Daga ƙarshe babanki ya yi shakka, ya ce a bar shi ya ƙara shekara ɗaya. Ni na hana. Ni na ce a fitar da shi, kowa da abin da Allah Ya ba shi, wani kai, wani hannu. Ina daka na faɗa, na juya baya, shi kuma yana tsaye bakin rumbu yana ji. Washegari ya ba ƙanensa allonsa na lakwal, ya ɗauki hauya. Da ke kika zo kina kawo sakamako mai kyau, sai na ƙara gaskata kaina, na riƙa ce wa mata Allah Ya raba mini su, ɗaya hannu, ɗaya kai.

Kin san sauran, amma kin san shi daga waje. Ya tafi Yamai yana gyaran rediyo da waya. Yana da shekara ashirin da shida ya nemi permi na tuƙi, aka ce sai an auna idonsa. Aka sa shi gaban allon haruffa, na saman nan manya kaɗai ya gani. Mai aunawar ya tambaye shi yadda aka yi ya yi lakwal da wannan ido. Ramatu, yayanki bai taɓa ganin tablo ba. Shekara uku yana zaune a bencin baya yana kallon baƙin bango, yana zaton kowa haka yake gani, su dai sun fi shi kai ne. Manyan da ba ya gaidawa, bai gane su ba ne. Awakin ma haka.

Da ya zo Babbar Sallah da madubin ido a fuskarsa, kina wurin kitso, ba ki ga shigowarsa ba. Ya tsaya ƙofar gida ya daɗe yana kallon gawon nan na bakin rijiya. Sannan ya shigo. Ina bakin murhu, na yi abin da na saba, na kawar da kai na ce a ba wancan ruwa. Bai karɓi ruwan ba. Ya tsaya daga inda ya saba tsayawa, wajen taki goma, yana kallona. Sai na ji ya ce, a hankali, “Inna, ashe hakanga tsagarki take.”

Tsagar Kurfayawa da ke fuskata, wadda baƙo ke gani daga ƙetaren kasuwa ya san ko ni 'yar ina ce, ɗan da na haifa bai taɓa ganinta sosai ba sai ranar. Fuskar kakarsa ya sani, don ita ke jawo shi jikinta. Ni ban taɓa matsowa inda idonsa ke kaiwa ba. Da sau ɗaya na zaunar da shi gabana na dube shi, da na ga yadda yake matse ido. Na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da uwata ta rasu. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Ban ce kunyar ɗan fari mugun abu ba ce, da ita muka tarar da iyayenmu. Laifina shi ne na karɓi hukunci a kan yaron da ban duba ba, don hukuncin ya zo da sauƙi, ya raba mini komai gida biyu, ya hutar da ni tambaya. Ga shi yau wani ya zo da takarda zai yi miki irin abin da na yi wa yayanki. Gwaggo Dije ko ba komai ta san shi tun yana cikin zani. Wannan fa? Rabin yini ya yi a lise, ko sunan garinku bai tambaya ba.

Na san abin da ya sa maganarsa ta shige ki. Jarrabawar gwaji ta lissafi da kika faɗi bara ce, har kika ƙi cin tuwo. Amma ki tuna, a shekarar kin yi wata guda kwance da zazzaɓi, ajinku kuma ya daɗe ba mushen lissafi. Duk da haka kika tashi kika ci bak. Tsoro kike ji, ɗiyata, tsoron ki je jami'a 'yan birni su fi ki. Tsoro ba abin kunya ba ne, ni ma ina jin shi saboda ke. Takardar nan ta zo ta ba tsoronki suna mai daɗi ne kawai, kamar yadda na ji daɗi ranar da aka ce bahaguwa ba ta saƙa.

Ga abin da nake roƙonki. Ran Litinin ki je ki rubuta sunanki inda aka ba ki wuri. Ki ba shi shekara ɗaya cikakkiya, da zuciya ɗaya. Ki zauna gaba. In abu ya gagare ki, fara da tambayoyin da ni ban yi ba: kin ƙoshi, kin yi barci, kina gani, kina ji, kin fahimci harshen, mai koyarwar ya iya koyarwa? In shekara ta cika kika zo kika ce mini, Inna, na gwada, zuciyata tana wurin zane, wallahi ni zan saƙa tabarmin da za su kai ki. Zane ba abin raini ba ne, da shi na ci da ku. Amma da bakinki za ki faɗa mini, bayan kin gwada. Ba zan karɓa daga hannun wanda ya tambaye ki ko kina share ɗaki ba.

Kuma duk wanda ya ce miki ke irin kaza ce, a makaranta ko a wurin aiki ko a maganar aure, kada ki yi saurin cewa to. Ki tambayi kanki tun yaushe ya san ki, da abin da zai samu in kin yarda.

Yayanki ne zai tarbe ki a tasha. Ba ki sani ba, don ya hana a faɗa, ya shiga ajin manya na yamma, yana koyon abin da na hana shi, shi da gemunsa a benci ɗaya da yara. Kafin Litinin ki fito da takardar nan mai launi ki nuna masa. Ki dubi idonsa ta cikin madubin, ki ce masa an auna ki an ce rabin kai gare ki. In kin iya faɗa masa haka, to, ki yi abin da kika ga dama.

Babanki yana gaishe ki, ya ce ki riƙe salla, ki rage yawan dariya a mota. Matan gida duka suna gaisuwa. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin birni, da mai daɗin bakin da ba ya nufinki da alheri. Allah Ya ba ki abokan zama nagari, Ya buɗe miki abin da ya rufe, Ya maido mini ke lafiya.

Saura gaisuwa ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ban faɗi sunan nan ba, ban kuma taɓa rubuta shi ba, ko a ajin yaƙi da jahilci da aka ce kowace ta rubuta sunayen ɗiyanta, tsallake shi na yi. Ki gaida mini Haruna. Ki nuna masa wannan layin ya karanta da kansa, yanzu yana gani.

Ni ce uwarki,
Hajo